Mai wayarin ɗin Ƙofar Ruwa da fitilar ABS ta tsohuwar Corolla

Idan fitilar ABS, wato tsarin da ke hana tayoyi ƙamewa in an taka birki da ƙarfi, ta kama a tsohuwar motarka kuma kana Kano, akwai wani mai wayarin a lungun da ke bayan 'yan sifiya na Ƙofar Ruwa da zan iya tura ka wurinsa ba tare da fargabar ka dawo kana zagina ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don bai ce in yi masa talla ba, kuma akwai abin da zan faɗa a kansa wanda ba lallai ya yi masa daɗi ba. Yaransa da maƙwabtansa Injiniya suke ce masa, ni ma haka zan kira shi. Wajen gano cutar mota ya ci kuɗinsa. Wajen tarbar mutane da tsarin wuri kuwa, sai a hankali.

Motata Corolla ce ta 2005, shigowar Amurka ta Kwatano, ta yi hannu ɗaya a nan gida kafin ta zo wurina. Sana'ata sayar da maganin dabbobi, don haka motar ba ta san hutu ba: Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, sauran ranaku kuma duk rugar da aka kira ni. Rabin tafiyata kwalta ce, rabi burji da rairayi. Wanda ya san hanyoyin nan ya san birki ba ado ba ne a wurinmu. Akuya za ta faɗo, mai babur zai yanko, garken shanu zai tsallaka a inda ba ka zata ba.

Abin ya samo asali ne daga shaf, wato ƙarfen da ke kai wa taya juyin inji. Na dama na gaba ya fara ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da na sha kwana, bakaniken unguwarmu ya canja shi da na Beljiyam, ƙarar ta ɗauke. Amma ina fitowa daga garejin, kafin in hau babban titi, sai ga fitila ruwan ɗorawa a mita da haruffan nan uku. Na juya na koma. Ya leƙo ta taga, ya ce, "Alhaji, ai kwamfuta ce ba ta saba da sabon ƙarfe ba. Ka yi ta tafiya, da kanta za ta mutu." Aka shiga damina aka fita, fitila tana nan daram.

A tsakanin nan na ji fatawa iri-iri. Wani yaro mai ƙaramar sikana, wato na'urar karanta cutar mota, irin wadda ake haɗawa da waya, ya soka ta, ya nuna min allon ya ce mota ba ta da lambar cuta ko ɗaya, ƙalau take. Wani babban gareji aka ce famfon ABS ne ya mutu, in kawo naira dubu 140 a sa na Beljiyam. Ba su ɗaga mota ba, ba su kwance taya ba, daga tsaye aka yanke hukunci. Na ƙarshensu shi ya fi kowa sauƙin kai: a buɗe mita a rufe fitilar da baƙin salatif ta ciki, dubu biyu, in huta da ganinta. Wani abokin kasuwata mai jigilar awaki ne ya ce in daina wahalar da kaina in je Ƙofar Ruwa.

Wurin ba abin nunawa ba ne. Rumfar kwano ce da benci ɗaya, ƙasa duk baƙin mai, motoci a cushe har bakin kwata. Na isa da hantsi, ba a waiwaye ni ba sai bayan azahar. Injiniya ba ya ɗaga waya idan yana aiki, kuma kullum yana aiki. Babu layi a rubuce. Yaron da ya fi girma shi yake riƙe da tsarin a kansa, kuma na lura idan babbar mota ta shigo tsarin yakan ɗan gurɗe. Wannan ya ɓata min rai, kuma har yanzu ina ganin bai dace ba.

Da layi ya zo kaina, bai ɗauko na'ura ba tukuna. Ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya zuba wa mita ido. Fitilar ABS ta kama tare da sauran, bayan kamar daƙiƙa uku ta mutu.

"Alhaji, kullum haka take yi? Ta mutu, sai ka fara tafiya ta dawo?"

Na ce ƙwarai.

"Me aka taɓa a ƙafafun motar kafin ta fara?"

Na ce shaf ɗin dama. Ya yi ɗan murmushi bai ce komai ba, ya aiki yaro ya ɗauko na'ura. Daga baya ya yi min bayanin dalilin tambayar farko. Idan wayar sensa, wato 'yar na'urar da ke auna gudun taya, ce ta tsinke, ƙwaƙwalwar birkin, wato kwamfutarsa, tana ganewa tun mota na tsaye, fitila ba za ta mutu ba. Idan kuwa sai an motsa take dawowa, to waya tana da rai, saƙon gudun taya ne ba ya zuwa daidai. Wannan tambayar ba ta ci ko sisi ba, amma a duk inda na zaga babu wanda ya yi min ita.

Na'urarsa babba ce, mai faɗin allo, ya soka ta a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Soket ɗin nan Amurka ta wajabta shi a motoci tun 1996, shi ya sa kowace sikana take shiga, amma shiga daban, ji daban. Ƙananan nan na kasuwa yawancinsu ɓangaren inji kawai suke karantawa, lambobin da suke farawa da P. Lambobin birki da C suke farawa, kuma a wata ƙwaƙwalwa daban suke. Ashe yaron nan da ya ce mota ƙalau take bai yi ƙarya ba, na'urarsa ce ba ta kai can ba. Ta Injiniya ta fito da lambobi biyu: C0200 da C1241. Ya juyo da allon wajena. Ta farko, in ji shi, sensar gudu ta ƙafar gaba ta dama. Ta biyu ƙarancin wuta.

Ga abin da ya sa nake rubuta wannan sharhi. Da wani ne, da ganin C0200 zai ce a sayo sensa. Shi cewa ya yi, "Lambar ta nuna mana unguwar ne kawai, ba ta nuna gidan ba." Ya ce in tuƙa, shi ya zauna a gefe da na'urar a cinya, muka fita titi. A allon akwai layi huɗu, kowace taya da gudunta. Ina kan 30, uku suna nuna 30, ta dama ta gaba tana kan sifili, ba ta ko motsi. Na ƙara wuta zuwa 50, ukun suka bi ni, ita tana nan a sifili. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba.

Muka dawo, aka sa jak, aka kwance tayoyin gaba biyu. Ya zare soket ɗin sensa ya gwada ta da mitar awon wuta, sannan ya gwada ta hagu. Duka biyun sun ba da kusan abu ɗaya, ohm dubu da 'yan kai. Ya bi wayar da yatsu tun daga ƙafa har inda ta shige jikin mota, yana lanƙwasa ta a hankali yana kallon mita ko za ta yi tsalle. Ba ta yi ba. Sai ya kwance ɗan notin da ke riƙe da sensar, ya murɗa ta ya zaro, ya kunna fitilar wayarsa ya haska ramin.

"Alhaji, tsuguno ka leƙa. Me ka gani?"

Na ce ƙarfe ne sumul. Ya sa yaro ya juya hob ɗin, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, ƙarfen yana wucewa yana sheƙi, babu komai a jikinsa. Ya zagaya da ni ɓangaren hagu, ya zare sensar can, ya haska. A nan kuwa haƙora ne jere, ƙanana, suna wucewa ɗaya bayan ɗaya idan an juya.

Yadda abin yake ke nan. A kan shaf, daf da inda ya shiga hob, akwai wani zobe mai haƙora. Sensar maganaɗisu ce da waya a nannaɗe. Duk haƙorin da ya wuce ta gabanta sai ta aika ɗan saƙon wuta, ƙwaƙwalwa ta ƙirga ta san gudun tayar. Idan ka taka birki da ƙarfi ta ga wata taya tana shirin ƙamewa alhali sauran suna juyawa, sai ta sassauta wa waccan matsin mai, ta sake matsewa, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, don tayar ta ci gaba da juyawa kai kuma ka iya karkata sitiyari. Shaf ɗin da aka sa min ba shi da zoben kwata-kwata. Ƙwaƙwalwa ta ga taya uku na gudu ɗaya a tsaye, ta san lissafin bai yi ba, ta janye hannunta ta kunna fitila. Famfon da aka ce in saya dubu 140 lafiyarsa lau.

Yaya aka yi shaf marar zobe ya shiga motar ya zauna daidai? Wannan shi ne tarkon Corolla ta waɗannan shekarun. Tun 1978 Bosch da Mercedes-Benz suka fito da ABS na lantarki a babbar motarsu, kuma daga 2004 kusan duk sabuwar ƙaramar mota da ake sayarwa a Tarayyar Turai da shi take zuwa. Amma a Amurka, Corolla ta 2003 zuwa 2008 da yawa ABS zaɓi ne, wanda ya ƙara kuɗi a sa masa, wanda bai ƙara ba a ba shi haka. Sai daga ta 2009 ya zama kowacce tana da shi. Saboda haka kayan da ake kwancewa daga irin waɗannan motoci a loda a kwantena sun kasu biyu, masu zobe da marasa zobe, kuma tsawonsu da bakinsu ɗaya. Mai shago zai miƙo maka wanda hannunsa ya fara kaiwa. Bakaniken da bai ajiye tsohon kusa da sabon ya kwatanta ba, ba zai lura ba.

Na tambaye shi ko za a iya sayen zoben kawai a sa. Ya ce ana yi, amma shi ba ya so, don yawanci da guduma ake buga shi, ko ya tsage ko ya zauna a karkace, bayan wata biyu a dawo ana cewa aikinsa bai yi ba. Ya haɗa ni da yaronsa muka shiga kasuwa. Yaron nan, wanda ba zai wuce shekara goma sha bakwai ba, ya burge ni. Da aka fito da shaf, ya ɗauki alli ya yi wa haƙori ɗaya alama, ya bi su yana ƙirgawa da farce har ya zagayo: 48. Ya ce haka ogansa ya koya masa, don akwai zobba masu adadi daban na wasu motoci, kuma idan adadin ya saɓa, tayar za ta riƙa ba da gudun ƙarya. Ya duba ko akwai haƙorin da ya karye, ya matsa robar giris ya ga ba ta tsage ba, sannan ya ce in biya. Naira dubu 48 muka tsaya, bayan an sha ciniki. Mai shagon ya ba da kwana uku na gwaji, da baki.

Injiniya ba ya ɗaura shaf da kansa. Akwai bakanike a rumfar da ke jikin tasa, shi ya ɗaura, aka biya shi nasa daban. A sani tun wuri, don kada mutum ya zaci kuɗin gwaji ya haɗa da komai. Gwajin na'ura da aikin wayarin dubu 15 ya karɓa, kuma bai rage ko ƙwandala ba. Masu ƙaramar sikana dubu uku suke karɓa a lokacin, don haka na ji mutane a kan benci suna gunaguni. Ni ban yi ba, tunda na san abin da dubu ukun ta saya min a baya. Rasit kuwa babu. Da na nema sai ya yage takarda daga littafin yaro ya rubuta lambobin biyu da abin da aka canja, ba kwanan wata, ba sa hannu. Mutumin da yake da na'urar da ta kai wannan tsada ya kamata a ce ya buga ɗan littafin rasit.

Lamba ta biyu, ta ƙarancin wuta, ba ta ɗauki lokaci ba. Kan batir ya yi farin gari, ɗaya ma da hannu ake juya shi. Ya goge, ya ɗaure, ya gwada: batir a tsaye bai kai volt 12.6 da ake so ba amma bai mutu ba, altaneta kuma tana ba da 14 da ɗan ɗori. Ya ce ƙwaƙwalwar ABS ba ta jure ƙarancin wuta, kuma ya sha ganin motar da aka canja wa famfo alhali batir ne ya gaji. Fis da kan batir ake fara dubawa kafin a ambaci wani abu mai tsada.

Kafin a mayar da sensar hagu ya nuna min bakinta: garin ƙarfe ya manne mata cunkus, saboda maganaɗisun. Ya share da tsumma, sannan ya ɗauki ɗan sanfefa ya goge mazauninta a jikin ƙafa, inda tsatsa ta kumbura. Motocin da suka fito daga jihohin sanyi na Amurka da Kanada, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa tana cin ƙasansu. Idan ta taru a ƙarƙashin sensa sai ta ɗaga ta kaɗan, tazarar da ke tsakaninta da haƙora ta ƙaru, saƙon ya yi rauni a ƙaramin gudu. Alamar ita ce kana dab da tsayawa a danja, a hankali, sai ka ji birki yana gurnani a ƙarƙashin ƙafarka ba gaira ba dalili, kuma sau da yawa fitila ba ta kamawa. Ni tawa ba ta kai ga haka ba, amma ya ce hanyar ta kama. Bai ƙara min kuɗi a kan wannan ba.

A nan ne kuma na ga halinsa da yara. Wanda ya mayar da sensar dama bai maƙale wayar a ƙugiyarta ba, ya bar ta tana lilo kusa da taya. Injiniya ya duba, ya gani, ya yi masa tatas a gaban kowa, har da zagin da ba zan rubuta ba. Gaskiyarsa ce a kan aikin, domin wayar da ke goga taya ba ta daɗewa, kuma da na tafi da ita haka da fitila ta dawo. Amma faɗan ya wuce kima, yaron har idonsa ya kawo ruwa. Haka yake yi wa masu mota ma idan suka cika gardama. Wanda ba ya son a gaya masa magana gatsal ya shirya.

Ina zaune ina jiran a gama, wani dillalin mota ya shigo da Camry mai kyau, fitilar ABS da ta jakar iska duk a kunne. Ya ja Injiniya gefe, amma muryarsa ta fito: mai saye zai zo gobe, so yake a yi dabara. Dabarar sananniya ce, ko a kashe fitilar gaba ɗaya, ko a haɗa ta da fitilar man inji ta yadda za ta kama idan an murɗa makulli ta mutu idan inji ya tashi, kamar komai lafiya. Injiniya ya ce, "Yallaɓai, ni gyara nake yi. In gyara kake so ka bi layi, in wancan ne akwai masu yi, ba sai na nuna maka ba." Mutumin ya ja motarsa yana ƙunƙuni. Daga nan na ɗauki abin da zan riƙa yi duk ranar da zan raka wani sayen mota: a murɗa makulli kada a tayar da inji, a jira. Fitilar ABS ta gaskiya za ta kama ta mutu da kanta cikin 'yan daƙiƙu, injin yana kashe. Idan ba ta kama ba sam, an rufe ta. Idan ta ƙi mutuwa sai inji ya tashi, kuma ta mutu daidai lokaci ɗaya da ta mai, a yi tambaya. A Ingila fitilar nan kaɗai tana kayar da mota a gwajin shekara-shekara; a nan babu mai duba maka sai kai.

Da aka gama ya share lambobin, muka sake fita. Layi huɗun suka tashi tare, 20, 40, 60. Ya sa na kai mu wani fili mai tsakuwa inda babu jama'a, ya ce in ɗauki gudu kaɗan in taka birki iya ƙarfina kada in ɗaga ƙafa. Na taka. Birkin ya riƙa karkarwa yana dukan tafin ƙafata, da ƙara kamar injin markaɗe. Ƙafata ta so ta janye da kanta, ya daka min tsawa, "Danne! Kada ka saki!" Motar ta tsaya a miƙe, ba ta juya gindi ba. Ya ce direbobi da yawa ranar da suka fara jin wannan karkarwar ita ce ranar hatsari, sai su zaci birki ya lalace su ɗaga ƙafa, ko su shiga famfa shi irin na tsofaffin motoci. Mai ABS ba a famfa ta. A danne, a riƙe, a karkata sitiyari inda ake so. Wannan gwajin na minti biyar na fi ganin darajarsa a kan duk abin da na biya.

A tasha za ka ji ana cewa ABS na ƙasar ƙanƙara ne, mu nan ba ruwanmu da shi, wasu ma da gangan suke zare fis ɗinsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma Injiniya bai ɓoye ba. A kan rairayi ko tsakuwa mai laushi, tayar da ta ƙame tana tara ƙasa a gabanta, wannan tarin yana taimaka mata ta tsaya, don haka mai ABS takan ɗan ƙara nisa kafin ta tsaya. Na gwada a hanyar wata ruga bayan Gumel, haka ne. Amma a rairayi nawa nake gudu? Da ƙyar nake wuce 40. Inda nake gudun da zai iya kashe ni kwalta ce, kuma kwaltar da ruwan farko ya jiƙa, ga ƙura ga man da manyan motoci suka zubar, santsinta ba wasa ba ne. A nan idan tayoyin gaba suka ƙame, ko ka juya sitiyari har ƙarshe motar inda ta nufa za ta tafi. Na zaɓi in yi asarar 'yan taku a rairayi in samu sitiyari a kwalta.

Wani bambanci da ya nanata min, kuma ya kamata kowa ya riƙe: ruwan ɗorawa daban, ja daban. Idan ta ABS ce kaɗai ta kama, birkinka na yau da kullum yana aiki, taimakon ne kawai babu. Za ka iya tuƙawa a hankali zuwa wurin gyara. Idan jar fitilar birki ta kama alhali birkin hannu a sauke yake, a tsaya a duba man birki. Ko fad ɗin birki ya side har man ya sauka, ko akwai inda yake yoyo. Idan kuwa biyun suka kama tare, to a motoci irin tawa har rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya ya tsaya, tayoyin baya za su iya ƙamewa kafin na gaba, mota ta juya. Wannan ba a kai shi Maigatari.

Ya buɗe tulun man birkina ya ɗiga a farar takarda, ya fito baƙi-baƙi. A murfin an rubuta DOT 3. Man birki yana shan danshi daga iska; sabo sai ya kai wajen digiri 205 kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 140, kuma ruwan yana sa tsatsa a ƙananan bawul ɗin da ke cikin famfon ABS. Ya ce famfunan da suka mutu da gaske da yake gani, da yawansu tsohon mai ne ya kashe su, ko ruwan sabulun da wasu direbobin haya suke zubawa idan mai ya ƙare musu a hanya. Ya ce a canja, amma ba a wurinsa ba, bakaniken gefe ne zai yi. Na bari sai wani zuwan, don magariba ta kawo jiki kuma lungun ba shi da fitila. Da na koma aka yi, ya tsaya a kansu har aka gama fitar da iska daga ƙafa huɗun, duk da ba shi aka biya ba.

To wa zan tura wurinsa? Duk mai tsohuwar Toyota ko Honda da fitila ta kama masa aka ce ya kawo kuɗin famfo ko na ƙwaƙwalwa, ya fara zuwa nan kafin ya saki kuɗinsa. Motocin Jamus na ga yana karɓa, amma ban tsaya na ga ƙarshen aikin ko ɗaya ba, don haka maganata a kan na Japan ta tsaya. Wanda yake sauri, ko mace da za ta zo ita kaɗai ta wuni a benci ɗaya da 'yan gareji, gara su aiko direba ko ƙane, domin babu wurin zama na kirki, babu banɗaki sai na masallacin bakin layi. A zo da sassafe, kafin takwas. Ranar Juma'a daga sha biyu yake rufewa. A zo da tsabar kuɗi ko a shirya tura wa ta waya, amma sabis a lungun yana wahala. Idan an canja wani abu a ƙafar mota kwanan nan, a taho da tsohon in yana nan, zai rage masa rabin aiki.

Tun daga lokacin fitilar ba ta sake kamawa ba, an kuma yi wata daminar a kai. Abin da ya rage shi ne boris ɗin baya na hagu, wato abin da taya ke juyawa a kansa, wanda ya ce ya fara kuka kaɗan, ni ma yanzu ina jin sa idan na wuce 80. A wannan motar sensar baya a jikin hob ɗin take, tare ake sayar da su, kuma shi ma hob ɗin iri biyu ne a kasuwa, mai soket da marar soket. Na riga na gaya wa yaron mai alli ya nemo min mai soket, ya ce farashin ya tashi, in ba shi zuwa ƙarshen wata.